Tuwo da Asali: Yadda Ya Kamata a Rubuta Nazarin Abinci da Al'ada



Batun wannan lacca ƙarami ne a ido, domin bai wuce abin da ke cikin tukunya da akushi ba. To amma masana ilmin nazarin ɗan Adam da al'adunsa sun daɗe da gane cewa wanda ya san abin da jama'a ke ci, da wanda ya noma shi, da wadda ta dafa, da wanda aka fara zuba wa, ya san rabin zaman wannan jama'a. Saboda haka ne ɗalibai a sassan Hausa da Tarihi da Nazarin Zaman Jama'a suke yawan zaɓen abinci ya zama kan maganar kundinsu na neman digiri, ma'aikatan gona da na lafiya kuma suna rubuta rahotanni a kansa. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen rubutun.

Akwai wata jimla da mai duba irin waɗannan kundaye ba ya rasa cin karo da ita tun a shafin farko, watau cewa abincin Bahaushe tun kaka da kakanni shi ne tuwo da miya, da rana kuma yakan sha fura. Ba za a ce jimlar ƙarya ce ba. Illarta ita ce ba ta ƙara wa mai karatu kome, sa'an nan tana rufe ƙofar tambaya. Wane Bahaushe? Na birnin Kano, ko na ƙauyen Gobir, ko na Zangon Kumasi? Attajiri ko ɗan ƙodago? A wace shekara, kuma da kaka ne ko tsakiyar damina? Duk ƙa'idojin da za su biyo baya suna komawa ga abu guda, shi ne mai rubutu ya sa wa kowace magana tasa wuri da lokaci da mai ita.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata a ba tuwo haƙƙinsa, domin lalle akwai dangantaka tsakanin babban abincin jama'a da yadda suke ganin kansu. Wata Baturiyar Ingila, Audrey Richards, ta zauna cikin ƙabilar Bemba ta ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, ta fitar da littafi a kan gonarsu da aikinsu da cimarsu a 1939, wanda har yau ake ɗaukarsa cikin tushen wannan fanni. Ta lura cewa mutum na iya wuni yana cin gasasshiyar masara, amma muddin bai sami tuwonsu na tamba da miya ba, sai ya ce shi bai ci abinci ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa jin dattijo ya ci ɗan wake ya sha kunu, da dare ya yi yana cewa yau gidan ba a yi abinci ba. Ashe ke nan akwai abin da ke cika ciki, akwai kuma abin da jama'a suka yarda su kira abinci, kuma aikin mai nazari ya gano iyakar da ke tsakaninsu daga bakin mutanen da kansu. Richards ta isa ga wannan ne don ta zauna a ƙauyuka takamaimai, ta bi abin da gidaje suka ci rana bayan rana, wata bayan wata.

Tarkon farko yana cikin nahawun Hausa kanta. Harafin nan “kan” na sabo, kamar a “sukan ci” da “akan dafa”, yana da daɗin rubutu, amma yana cire magana daga cikin zamani, ya mai da ita kamar haka abin yake tun fil azal. Tukunyar miya kuwa tana da tarihi. Masara da rogo da gyaɗa da dankali da barkono da tumatir duk asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su shigo Afirka ba sai bayan 1492. Sunan masara ma ana danganta shi da Masar, alamar hanyar da ake zaton ta biyo. Alkama da albasa da shayi sunayensu na Larabci ne, gurasa da alkubus na Kano kuma suna tuna wa mutum zaman Larabawan hamada a birnin. Gyaɗa ba ta zama babbar hajar ƙasar Kano ba sai bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, kuma duk mai rubutu a kan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da sana'ar matan da ke matsarsa ba shi da uzurin tsallake wannan shekara. Gero da dawa da wake da kuɓewa da kuka da ɗorawar da ake daddawa da ita, su ne 'yan gida na asali. Ɗalibin da ya rubuta cewa jar miya ta tumatir da attaruhu gadon kakanni ce ya haɗa shekaru ɗaruruwa ya dunƙule su wuri ɗaya. Gyaran ba shi da wuya. Maimakon “Hausawa sukan ci”, sai ya rubuta cewa a gidaje kaza na unguwa kaza, a watan kaza na shekara kaza, ga abin da aka ci.

Goro ya fi kowane misali nuna cewa abin da jama'a suka riƙa a matsayin alamarsu ba lalle ne ya fito daga gonarsu ba. Ba a ɗaura aure ko raɗa suna a ƙasar Hausa ba tare da shi ba, har sunansa ya zama sunan kyauta da gayyata, ana cewa goron salla da goron gayyata. Amma itacen goro na kurmi ne. Tarihin Kano ya ambaci zuwansa a zamanin Sarauniya Amina ta Zazzau, cikin gaisuwar da Sarkin Nupe ya aiko mata. Fatake sun yi ƙarnuka suna ɗauko shi daga kasuwannin Gwanja, musamman Salaga, kamar yadda Paul Lovejoy ya bi diddigi a littafinsa na 1980, daga baya kuma a ƙarni na 20 kasuwar ta karkata zuwa ƙasar Yarbawa. Wanda ya rubuta babi a kan goro a bikin aure bai ambaci fatauci ba, ya bar rabin labarin a hanya.

Daga nan sai maganar asali, wadda ita ce mafi santsi. A 1969 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Fredrik Barth, ya kawo ra'ayin da ya sauya wannan fanni. A ganinsa, mai son fahimtar ƙabila ya zuba ido a kan iyakar da mutane ke shatawa tsakaninsu da maƙwabtansu, domin kayan al'adar da ke cikin iyakar suna canzawa, iyakar kuwa tana nan. A wannan shekarar ce kuma Abner Cohen ya fitar da nazarinsa a kan Sabon Ibadan, inda ya nuna cewa Hausawan can sun ƙara ƙanƙame Hausancinsu ne a cikin baƙunta, domin da shi suke riƙe da cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Ma'anar wannan ga mai nazarin abinci ita ce, tuwo a ƙauyen Katsina tuwo ne kawai, ba wanda ke cinsa don ya nuna shi wane ne. Sai an kai shi Ibadan ko Ikko ko Ankara sa'an nan yake zama tuta.

Ƙasar Gana ta ba da misalai masu kyau. A Ankara da Kumasi ana sayar da koko mai yaji da safe, ana kiransa kokon Hausa, tare da ƙosai. Shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi don ta yi ja, sunan da duk ƙasar ta san ta da shi daga kalmar “wake” ya fito. Tuwon zafi kuma, wanda suke taƙaita sunansa da haruffa biyu, ana ɗaukarsa abincin mutanen arewacin Gana baki ɗaya, Dagwamba da sauransu, ko da yake sunan na Hausa ne. Enid Schildkrout, a nazarinta na Zangon Kumasi na 1978, ta nuna yadda 'ya'yan baƙi irin su Mosi suka tashi da harshen Hausa da al'adun Zango. Saboda haka mai sayar da kokon Hausa tana iya zama ba ta da kaka ko ɗaya daga ƙasar Hausa. Haka tsire ya zama suya a Kudancin Nijeriya, ya zama soya a Kamaru, a Sudan kuma ana danganta gashin naman da ake kira agashe da Hausawan can. Ɗalibin da ya tarar da irin wannan kada ya yi saurin rubuta cewa an ari abincin Hausawa ko an ɓata shi. Tambayar da za ta amfane shi ita ce, wa ke kiran abin da sunan Hausa, a gaban wa, kuma me sunan ke saya masa a kasuwa.

A cikin gida ma iyakar ba miƙaƙƙiya ba ce. Fura da nono ƙwarya ɗaya ce, amma geron na manomi ne, nonon na makiyayi, kuma sau da yawa Bafillatana ce ke damawa. Wanda ya ce abincin Hausawa ne ya yi gaskiya, wanda ya ce na Fulani ne bai yi ƙarya ba, mai nazari kuwa abin da zai rubuta shi ne cinikayya da zaman tare da suka haɗa su cikin ƙwaryar. Har ila yau akwai Maguzawa, waɗanda Joseph Greenberg ya yi nazari a kansu a ƙasar Kano ya buga a 1946. Hausa ce harshensu na uwa, amma giyar dawa tana cikin bukukuwansu na gargajiya. Akwai kuma Hausawa Kirista. Duk jimlar da ta fara da “Bahaushe ba ya ci” ko “Bahaushe ba ya sha” tana bukatar mai rubutu ya tsaya ya tantance ko hukuncin addinin Musulunci yake nufi ko al'adar masu harshen, domin ko da yake sun cuɗanya ƙwarai, ba abu ɗaya ba ne. Marigayi Yusufu Bala Usman ya sha gargaɗin masu rubuta tarihi a kan ɗaukar ƙabila kamar wani dunƙulallen dutse da ba ya motsi, gargaɗin kuwa ya shafi masu rubutu a kan tukunya.

Sai batun tattara bayani. Madafi yana cikin gida, ɗalibi namiji kuwa iyakarsa zaure. Abin da maigida zai gaya masa shi ne hatsin da ya fitar daga rumbu da kuɗin cefanen da ya bayar. Abin da aka yi da su bayan haka, da abin da uwargida ta cika daga kuɗin sana'arta, wannan ilmin mata ne. Littafin Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954, ya samu ne domin Mary Smith mace ce, ta zauna da tsohuwar a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa. Polly Hill, wadda ta yi aiki a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna cewa akwai babbar kasuwa ɓoyayya a cikin gidajen kulle, inda mata ke sayar da hatsi da dafaffen abinci ta hannun yara masu talla. Wanda ya ƙirga abin da aka dafa a tukunyar gida kaɗai, ya manta da ƙosai da waina da ɗan wake da aka sayo daga maƙwabta, lissafinsa ya tashi a gurgu. Ɗalibai mata suna da gata a nan wanda ya kamata sassan jami'a su san darajarsa. Namiji kuma, in ya sami bayaninsa ta bakin mataimakiya, wajibi ne ya faɗi haka a cikin kundin.

Kalmar “girki” kaɗai ta isa babi. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, in an ce yau wance ce da girki, ba maganar tukunya kaɗai ake yi ba, ana nufin ita ce da miji da ragamar gidan a wannan kwana. Ga ciyayya tsakanin maƙwabta, ga gara da iyayen amarya ke kaiwa, ga kunun kanwa da ƙauri na maijego, ga gumba da waina na sadakar mamaci, ga wutsiyar ragon layya da wasu gidaje ke ajiyewa sai daren cika-ciki. Kowane ɗaya daga cikinsu magana ce da ake yi da abinci, wadda ke nuna wane ne na wane, wa ke bin wa. An ce tuwon girma miyarsa nama. Mai nazari ya lura da wanda aka sa wa naman, da wanda ya sami romo, da yaron da ya jira ƙanzo. Jack Goody, bayan zamansa a arewacin Gana, ya kawo hujja a 1982 cewa a can sarki da talaka kusan abinci iri ɗaya suke ci, bambancin na yawa ne, saɓanin Turai da Asiya inda masu mulki ke da nasu salon girki. Ko wannan ya dace da birni irin Kano, mai alkaki da dubulan da funkaso, tambaya ce da ke jiran ɗalibin da zai gwada ta da hujja.

Akwai wani kuskure da karamcin jama'a ke jawowa. Baƙonka annabinka, in ji Hausawa, don haka ranar da malami daga jami'a ya sauka a ƙauye, kaza ta shiga uku. In ya rubuta abin da aka kawo masa a matsayin cimar gidan, ya rubuta abincin baƙo ne. Maganin wannan shi ne daɗewa, har a saba da shi a daina yi masa yanka. Haka kuma wanda ya je da kaka, rumbu cike, bai ga abin da ake ci a watan Agusta ba, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, aka koma ga tafasa da rama da zogale. Shekarun yunwa ma suna cikin tarihin abinci. Mutane sun ba su sunaye, kamar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 da 'Yar Buhu ta 1927, kuma Michael Watts ya tattara labarinsu a littafinsa na 1983. A Nijar, har a yunwar 2005, an ci 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Irin wannan bayani ba ya fitowa da tambayar kai tsaye, domin magidanci mai mutunci ba zai ce wa baƙo jiya ba a hura wuta a gidansa ba. Wanda aka amince wa har aka gaya masa, amana ce aka ba shi. Ya nemi izini kafin ya rubuta, ya sakaya sunan gidan, kada kundinsa ya zama abin da za a yi wa wani gori da shi a ƙofar masallaci.

Game da kalmomi, Turawan farko sun fassara tuwo da kunu da koko da fate da kalma ɗaya ko biyu na harshensu, bambancin ya ɓace. Mai rubutu, ko da Turanci yake yi, ya bar kowane abinci da sunansa, ya bayyana yadda ake yinsa. Ya kuma kula da karin harshe. Hatsi a Kano ya haɗa gero da dawa, a Sakkwato da Nijar kuwa in an ce hatsi gero ake nufi. Abin da Basakkwace ke kira gujiya shi Bakano ke kira gyaɗa, alhali gujiya a Kano wata aba ce dabam. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da littafin Dalziel na sunayen tsirrai na 1916 suna taimakawa wajen warware irin wannan, amma ba su maye gurbin tambayar mai dafawa. Awo ma haka. Mudun wannan kasuwa ba lalle ne ya yi daidai da na waccan ba, dami kuma ya danganta da hannun mai ɗaurawa. Wanda ya rubuta mudu ko tiya ya auna shi a sikeli sau ɗaya, ya faɗi nauyinsa da kasuwar da ya auna.

Malaman Hadisi sun riga kowa sanin cewa darajar magana tana ga isnadinta. Kundi mai kyau yana rarrabe abu huɗu a fili: abin da mai shi ya gani da idonsa, abin da aka gaya masa, abin da ya karanta, da abin da ya hasaso da kansa. Hausa ba ta rasa kayan wannan aiki ba, tana da “wai” da “an ce” da “in ji” da “ga alama”. Gani ya kori ji, amma ji ma hujja ce in an faɗi daga wa aka ji, shekarunsa nawa, mace ce ko namiji, a wane gari, a wace rana. Abin da ba ya karɓuwa shi ne a kwafo jimla daga kundin bara, wanda shi ma ya kwafo daga na bariya, ko a tsinto ta a intanet, har ta yi kama da gaskiya don yawan maimaitawa.

Ma'aikatan hukuma da ke wannan zaure suna da ruwa da tsaki a cikin maganar, domin da irin waɗannan rubuce-rubuce ake tsara ciyar da 'yan makaranta, da rabon agaji, da shawarar irin da za a ba manoma. Rahoton da ya ce jama'ar wuri kaza tuwo suke ci, bai faɗi na wane hatsi ba, bai faɗi wa ke surfe da niƙa ba, bai faɗi kuɗin itace ba, zai iya sa a kai wa mutane abin da ba su da halin dafawa.

Daga ƙarshe akwai abin da ke faruwa a kan titi, wanda ɗalibai da yawa ke ƙyamar rubutawa don suna ganin ba gargajiya ba ne. Dunƙulen Maggi, wanda asalinsa ƙasar Suwizalan ne, ya shiga tukunyar da daddawa ke mulki, a gidaje da yawa kuma tare ake sa su. Taliyar Indomie, 'yar asalin Indunusiya, wadda aka fara sarrafawa a Nijeriya a shekarun 1990, ta zauna daram a teburin mai shayi kusa da burodi da ƙwai. Rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya taɓa farashin shinkafa da irin wadda ake samu a kasuwa. Awara ta waken suya ta zama abin tallan 'yan mata a garuruwan da kakanninsu ba su san ta ba. Teburin mai shayi ɗaya a bakin tasha, in ɗalibi ya zauna a gefensa wata uku da littafinsa, yana rubuta wanda ya zo, da ƙarfe nawa, da abin da ya saya, da wanda ya biya wa wani, da wanda ya ci bashi, ya ishe shi kundi.